Sunan da Na Kira a Bakin Ruwan Saliyo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya fitar da ni daga Malumfashi da ƙafafuna biyu, ya kuma mayar da ni da su, ko da yake sun ƙara faɗi.

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha fura da daɗi ba. Kai Mamman Wanzami, ko aski kake wa mutum sai ka tsaya da aska a tsakiyar kansa ka ce, "Tanko, wai da gaske ruwan can ba shi da ɗaya gaɓar?" Ku kuma 'yan karofi, abokan rinina, kun bar baba yana lalacewa a rami kuna jiran labari. Na ba ku na kifin da ya haɗiye saniya da maraƙinta, na ba ku na sauron Nupe da ya ɗaga mini bargo ya leƙa. Kun yi dariya kun watse. Akwai guda da ban ba ku ba, don duk lokacin da na buɗe baki zan faɗa sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Shi ya sa na aro tawada da alƙalami. Ku ba mai karatu ya karanta muku ranar da na tafi cin kasuwar Bakori.

Manyanku sun san abin da ya same mu shekarar da mahara suka faɗo ta arewa, dawa tana kai. Yaron gidana, na fari, yana gona yana korar tsuntsu, bai wuce shekara bakwai ba. Aka tarar da majajjawarsa a ƙarƙashin rumfa, shi babu.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a sa hannu ƙwarya ɗaya da shi. A ɗakin kakarsa ya tashi. In ya biyo ni karofi ya rungume mini ƙafa, sai in ce, "Kai, ɗan wane ne wannan? A zo a ɗauke shi." Haka aka yi wa yayata, haka aka yi wa ubana, ba wanda ya mutu. Bayan an sace shi na bi kasuwannin bayi har Maraɗi, har Kano, rani bayan rani, ina leƙa fuskokin 'ya'yan mutane. In kun tambaye ni sai in ce tallar turkuɗi na tafi. Ko neman ma a ɓoye na yi shi.

Shekara ashirin da wani abu suka wuce. Sai ga Madugu Ɗangwari ya dawo da ayarinsa daga Lokoja, inda Kwara ta haɗu da Binuwai, ya yi sallama a zaurena ko takalmi bai kakkaɓe ba. Ya ce akwai wani malamin Nasara, baƙar fata, da tsagar Katsinawa a kumatu, yana bin zango zango yana tambayar wani marini Tanko na Malumfashi mai shuɗin hannu.

Na ce, "To, me ya ce a gaya masa, shi marinin?"

Madugu ya ce, "Bai ce a gaya masa kome ba. Tambaya ya ba ni guda. Ya ce, sun neme ni?"

Hajo, uwar yaron, tana niƙa a bayan danga, ta ji kome. Dutsen bai tsaya ba. Washegari na tarar ta ƙulla dakuwa da daddawa da garin kuka a tsumma, ta ajiye a bakin ƙofata.

Ta ce, "Maigida, ka ji abin da yaron mutane ya tambaya. Ka je ka ba shi amsa. Na san ka, kada ka je ka cika shi da zance. Amsa za ka ba shi."

Wannan shi ne aiken da na ɗauka. Ku riƙe shi, don ni na kusa yar da shi.

Na ɗaura wa jakina turkuɗi a Maska, na bi ayarin Madugu. Muka kwana Funtuwa, ɗan ƙauyen nan da in jaki ya yi kuka kowa ya san na wane ne, muka wuce Zariya, muka shiga ƙasar Gwari. Matan can ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, wai kai ya fi ƙarfin dako. Na tsaya ina yi musu dariya, ina nuna musu yadda 'yan Katsina ke tafiya da ƙunshi a ka ba riƙo. Dutse ya kwashe ni. Ƙunshin ya gangara, daddawar Hajo ta watse, tsofaffin matan nan suka tsince mini ita ɗaya ɗaya, suka ɗora mini a kafaɗa. A haka na fita garin.

A mashigin Nupe masu fito ne sarakai. Sai sun soka sanda a kowane kaya, sun ɗebi rabonsu, kana su ce ka shiga jirgi. Jakina ya dubi jirgin, ya dubi ruwan, ya dube ni, ya kafe. Na ja, Madugu ya tura, jakin ya yi shawara ya shiga a lokacin da ban shirya ba. Ni da turmi biyu na turkuɗi muka faɗa kogi. Wallahi har Bida mata suna wanki suna mamakin yadda farin zane ke fitowa shuɗi. A Bida na fara cin sakwara da miyar manja. In ka haɗiye loma sai ka ji ta sauka kamar guga a rijiya, ka zauna kana jiran ƙarar.

A Lokoja na nemi gidan Nasara. Limaminsu baƙi ne wuluk kamar ni, mutumin Saliyo, yana jin Hausa gutsure gutsure. Da ya ga hannuwana sai ya miƙe tsaye. Ya ce wanda nake nema ya yi rani guda a nan yana koyarwa, amma ya koma Saliyo da cikar ruwa, can yake karantar da manya a babbar makarantarsu. Ya ce a nan Lokoja aka fanshe shi yana yaro, aka tura shi can karatu. Ya samar mini wurin zama a bayan jirgin hayaƙi, tsakanin gangunan manja. Na sayar da jakin, ban yi kewarsa ba. Madugu ya raka ni bakin ruwa ya ce, "Tanko, daga nan ƙasa ta ƙare a sanina. In ka ga ƙarshenta ka gaishe ta."

Zancen teku kun ji shi, sai dai ban gaya muku a kwance na gan ta ba. Na amayar da abin da na ci a Lokoja, na amayar da na Nupe, na Zariya ya biyo baya, har naman sunana sai da ya leƙo. In na kabbara salla ina duban gabas, kafin in yi ruku'u jirgin ya juya ni ina duban Gwanja. Na yi alwala da ruwan teku sau ɗaya, na kurkure baki, na tuba.

A bakin ruwan Saliyo ba mai shiga gari sai bokan Turai ya duba shi. Ya duba idona, ya duba harshena, ya zo kan hannuwana ya ja da baya. Ya sa aka kawo sabulu. Ƙattai biyu suka yi ta dirza kamar masu wankin tukunyar biki. Shuɗin da ya shiga tun ina saurayi, ina zai fita? Suka tura ni wata rumfa tare da masu ƙuraje. Ina zaune ina tunanin a nan zan ƙare, sai na ji wata murya ta ce da Hausa tsantsa, "Kai, ɗan nan, na wane karofi ne?"

Wata tsohuwa ce mai sayar da goro, Gwaggo Rabi, Bazamfara. Tun tana budurwa aka sauke ta daga jirgin bayi, ta zauna a unguwar Musulmin garin, ba ta bar sallarta ba. Ta yi wa bokan Turai faɗa da harshensu har ya cire hula, ta kai ni gidanta. Ta ba ni shinkafa da miyar ganyen rogo, ganyen da a nan ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Na cinye na nemi ƙari.

Ita ta raka ni makarantar. Gini ne a bakin teku, soro bisa soro bisa soro, in ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Mai gadin ƙofa ya tambayi wa muke nema. Gwaggo ta juyo ta ce, "Yaya sunansa?"

Na ce, "Wani ne mai tsaga."

"Masu tsaga sun cika gari. Sunansa."

"Dogo ne, ina tsammani."

Ta dube ni, ta gane. Ta ce, "La'ilaha! Na fari ne? Ka ƙetare teku, ka amayar da hanjinka, ka zo ƙofa za ka tsaya kara?"

Na yi ta soshe soshe, can na ce, "Gaya masa mai sunan yayan Annabi Musa."

Ta fassara. Mai gadin ya yi dariya har da buga cinya, don ashe su ma suna da Annabi Musa da ɗan'uwansa a littafinsu, shi ya sa ma ba su canja wa yaron suna ba. Ya faɗi sunan da ƙarfi, ya aika ciki. Ni kuwa na duƙar da kai ina ƙirga tururuwa.

Sai ga mutum ya fito, dogo, da gemu, da riga irin ta Turawa mai matse wuya. Tafiyar ubana ce sak. Bai dubi fuskata ba, hannuwana ya duba. Littattafan da ke hannunsa suka zube. Ya rugo ya rungume ni a gaban mai gadi, a gaban Gwaggo, a gaban ɗalibai da suka cika tagogi, yana cewa, "Baba! Baba!"

Ku faɗa mini, me ɗan halas zai yi? Na sandare. Na kawar da kai, na dubi bango, na ce wa mai gadi, "Sannu da aiki. Yaya iyali?" Na gai da ɗaliban taga. Na gai da wani mai shara. Na ji hannuwan da suka riƙe ni sun sassauta a hankali.

Yaron ya kai ni wurin shugabansu, wani tsohon Bature mai Larabcin littafi. Baturen ya yi ta zuba mini Larabci, ni kuwa nawa bai wuce na salla ba, duk abin da ya faɗa sai in ce amin. Daga baya aka ce tambayata yake ko na fi son kifi ko nama. Aka jera abinci a kan dogon katako, malamai da ɗalibai duk wuri ɗaya, kowa da wuƙarsa kamar za a yi fiɗa. Yaron ya ja mini kujera kusa da tasa, ya zuba mini da hannunsa. Na ce cikina bai daidaita ba tun jirgi. Na koma gindin mangwaro na ci dakuwar Hajo, wadda shi aka ƙulla wa.

Washegari ya roƙe ni in shiga in ga yadda yake karantarwa. Hausarsa ta tsaya inda aka sace shi, Hausar ɗan shekara bakwai a bakin mai gemu, in ya ce "zo ka gani" sai ka ji kamar zai nuna maka ɗan tsako. Ban amsa masa ba, na ce wa Gwaggo, "Gaya wa malamin nan zan shiga."

Abin da na gani ya bambanta da namu. A wurinmu malami na zaune bisa buzu a zaure, ɗalibi ya durƙusa da littafinsa, a biya masa ya tashi, wani ya matso. Can ƙararrawa ake bugawa, ɗalibai su zauna a jere kamar alƙalai, malami ne a tsaye kamar mai ƙara. Kuma ba yara ba ne, akwai masu furfura. Suna karanta littafin addininsu, da Larabci, da harshen Yunanawa, da hisabi, da taurari, da yadda jini ke yawo a jiki. Duk a gini ɗaya, da addu'a ɗaya a farko. Su a faɗarsu ba a raba karatu gida biyu a ce wannan na Allah, wannan na kasuwa. Suka ce wanda ya saukar da littafi shi ya rataye taurari, don haka mai duban tauraro ma karatun aikinsa yake. Na ce a raina, wannan kam ko malamanmu na Katsina ba za su yi musu ba.

Ranar, darasin awon itace ne. Ya fitar da su fili, ya kafa sanda, ya auna inuwarta, ya auna inuwar wani rimi, ya ce ga tsawon rimin, ba wanda ya hau. Duk abin da ya faɗa da Turanci sai ya maimaita da Hausa yana duban gefen da nake. Ni ina duban rimin. Da aka koma ciki wani ɗalibi Bayarabe mai ƙaton gemu ya ɗaga hannu. Can ɗalibi na yi wa malami gardama ba a ce ya yi rashin ladabi. Yaron ya saurare shi, ya juya mini tambayar.

Ya ce, "Baba, wannan yana cewa, in Kirista ya auna rimin nan, in Musulmi ya auna, in mai tsafi ya auna, tsawon ɗaya ne. To mene ne amfanin addu'a a ɗakin lissafi?"

Na ce wa bango, "Yana da gaskiya."

Ya amsa wa ɗalibin, kana ya juya mini da Hausarsa ta yara.

Ya ce, "Na ce masa lissafin ba ya canjawa. Mutumin da ya saye ni a Bida ya iya lissafi ƙwarai. Ya ƙirga ni tare da buhunan kanwa, kuma bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ni ba irin wannan gwanin nake so in fitar daga ɗakin nan ba. Mu mun yarda Allah ya san kowa da sunansa, ba a garke yake ganinmu ba. In na koya musu awo ban koya musu wannan ba, na ba su wuƙa ne kawai. Shi ya sa ba na ƙirga su da safe in ga ko sun cika. Suna nake kira, ɗaya ɗaya, in roƙa wa kowa."

Maganar ta shige ni har na manta na dube shi. Da na farga na mayar da ido taga.

Sai suka sunkuyar da kai don addu'ar rufewa. Ya yi ta kiran sunayensu, kowa da abin da ke damunsa, wannan uwarsa ba lafiya, wancan karatu ya yi masa nauyi. Ina jin daɗin abin, har ina cewa amin a ɓoye inda ya dace. Can sai na ji ya koma Hausa.

"Da ubana Tanko, wanda nake kira a nan kullum, ga shi ka kawo shi."

Tanko! Tsirara, ba Malam, ba Maigida, daga bakin ɗan fari, a gaban ƙattai cike da ɗaki, kuma wai kullum! Ashe shekara da shekaru sunana na yawo a bakin teku ba hula. Ɗaliban suka ɗago suna murmushi, sun san sunan kamar na maƙwabcinsu. Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ture kujera, na yi karo da tulun ruwa, na bar takalmi ɗaya a ɗakin. Ban tsaya ba sai gidan Gwaggo.

Kwanaki ban fita ba. Ya aiko da takalmin, an goge shi. Ya aiko da shinkafa da kifi. Shi bai zo ba.

Gwaggo ta dawo daga kasuwa wata rana ta ajiye faifan goro da ƙarfi.

Ta ce, "Na ga ɗanka. Ka san abin da yake tsammani? Ya ce ka ƙi cin abincinsa don na Nasara ne, ka ƙi duban fuskarsa don ya bar addininku, ka gudu daga addu'arsa don ƙazanta ce a wurinka. Ya ce ko da yana yaro bai tuna ka taɓa ɗaukarsa ba, ya tuna kana cewa a zo a ɗauke shi. Ya ce to, ya sami amsar tambayarsa."

Na ce, "Haba Gwaggo! Ai kara ce. Kowa ya sani."

"Kowa a Malumfashi. Wa ya koya masa? Mai kanwar da ya saye shi? Yaron da ya bar gida yana korar tsuntsu?"

"To ke ki gaya masa mana."

"Na gaya masa. Ya ce na gode Gwaggo, kina rufa masa asiri ne. Ni na haife shi? Bakin da ke ba ni labarin sauro tun safe har la'asar, shi zai faɗa."

Ba zan ɓoye muku ba, zancen addinin ya dame ni, har yau yana damuna. Na so in tarar da shi a sahu kusa da ni. Na roƙi Allah a kan haka, ina kuma roƙo. Amma ba shi ya kawar mini da kai ba. Ko limamin Katsina na tarar ya zama, bangon nan dai zan duba.

Na yi niyya, na koma makarantar. Ya fito ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne labarin jaki da kogin Nupe. Ɗalibai suka taru, shi yana fassarawa, suna dariya har da hawaye. Na ƙara da na teku, na ƙara da na bokan Turai. Ya fassara duka, bai bar ko ɗaya ba, bai yi dariya ba. Aka buga ƙararrawa suka shige. Abin da Hajo ta ce kada in yi, shi na yi, har da ƙari. Na koma sau biyu bayan wannan, duk haka.

Ranar tafiya ta zo. Jirgin hayaƙi ba ya matsowa gaɓa, sai an ɗauke ka a kwalekwale. Yaron ya zo rakiya da shugabansu da ɗalibai, Gwaggo ma ta bar goronta. Ya miƙa mini ƙunshin yadi ya ce na Inna ne. Bai ce Baba ba.

Ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye hanya. Ka gaya wa Inna ina lafiya. Ba sai kun damu da ni ba, na gane. Ba zan ƙara aikowa da tambaya ba."

Na karɓi yadin na ce wa Gwaggo, "A yi masa godiya."

Gwaggo ta tofar da goron bakinta ta juya mini baya.

Na shiga kwalekwale. Masu tuƙi suka tura. Ina ganin gaɓa tana ja da baya, shi yana tsaye, hannu a baya, sai ya juya zai tafi. Ƙeyarsa na gani, irin ƙeyar da ke fita daga karofi in na ce a zo a ɗauke shi. Na tuna zan shiga gida, dutsen niƙa zai tsaya, a tambaye ni.

Na miƙe tsaye a cikin kwalekwale. Masu tuƙi suka yi ihu, jirgin ya karkata, ruwa ya shigo. Na buɗe maƙogwaron nan da kuka sani, wanda ke kiran mai fura daga ƙofar gari.

"Haruna!"

Ga shi na rubuta, ku gani da idonku. Tsuntsayen teku suka tashi. Bature ya dafe hula. Yaron ya tsaya cak, bai juyo ba.

"Haruna! Mun neme ka! Har Maraɗi, har Kano! Uwarka ta ce in gaya maka! Ba ranar da ba mu neme ka ba!"

Ya juyo. Ya taho da gudu, bai tsaya a gaɓa ba, ya shigo ruwa da wandon Turawa da takalmi da kome, har ƙugu, har ƙirji. Malamin manya, a gaban ɗalibansa. Masu tuƙi suka ja baya suna zagina da harshensu. Ya kama bakin kwalekwalen, na kama wuyan hannunsa da shuɗin hannun nan nawa, na dube shi a fuska. Ashe idon Hajo gare shi. Shekara ashirin da wani abu, da bakwai ɗin farko, ban sani ba.

Me muka faɗa, ba na ku ba ne. Na yi kuka, wannan kam ku sani, a gaban Bature da Yarabawa da tsohuwa mai goro, kukan da ko amarya ba ta yi. Jirgin hayaƙi ya yi ta busa har sai da aka ɓamɓare mu. Bai biyo ni ba, ban kuma ce ya biyo ni ba, yana da ƙattai masu jiran a kira sunansu da safe. Ban bar sallata ba, bai bar tasa ba. Ya ce in ruwa ya cika wata shekara zai hau Lokoja, ya nemi ayarin Madugu.

Dawowa ba ta da labari, sai amai.

Na shigo gida da hantsi, Hajo na sheƙar dawa a tsakar gida. Ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta koma kan faifanta. Na ajiye yadin kusa da ita. Ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Ka ba yaron mutane amsa?"

"Na ba shi."

"Ko ka cika shi da zance?"

"Na cika shi da zance tukuna. Daga baya na ba shi."

Ta ci gaba da sheƙa. Can ta ce, "Yaya aka yi ya san da shi kake, a cikin taro?"

Na dubi bango. Faifan ya tsaya.

"Maigida. Ba dai kira ka yi ba?"

"Na kira."

"Da sunan?"

"Da sunan. Sau biyu. Har kifaye sun ji."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Da furfurarka." Ta juya mini baya, ta ɗauki faifan, ta ajiye, ta sake ɗauka. Kaji suka zo suna cin dawar, ba ta kore su ba.

Daga cikin mayafin ta ce, a hankali, "To, da ka kira, yaya ya ce?"

Na ce, "Ya ce, na'am, Baba."